Takardar harajin da ta makara, kuma mai walda ne ke biyan kuɗinta

A makon jiya na tsaya Maijirgi a kan hanyata ta zuwa Damagaram, na iske wani abokina mai walda yana cikin fushi. Bara ya yi wa wani ɗan kwangila ƙofofi da tagogin ajin makaranta. Da aka zo biya, ɗan kwangilar ya cire wani kaso, ya ce na lanho ne. Abokina bai musa ba. Yau wata goma ke nan, babu takardar da ke nuna kuɗin sun shiga baitulmali da sunansa. Da ya matsa, sai aka ce masa: "Malam, ka yi haƙuri, ba mu kai takardun ba tukuna."

Ga yadda abin yake a Nijar. Hukumomin gwamnati, ƙananan hukumomi, ƙungiyoyi da kamfanonin da ke da cikakken lissafi sukan yanke wani kaso daga kuɗin wanda ya yi musu aiki, a matsayin kafin alƙalami na harajin riba. Wanda ya yanke shi ne zai kai wa ma'aikatar haraji, wato DGI, galibi kafin 15 ga watan da ke biye, ya kuma ba mai aikin takardar shaida. Da wannan takarda ce mai aikin zai nuna ya riga ya biya wani abu, a rage masa. In ba takarda, kamar bai biya ba. Wanda ba shi da lambar haraji ta NIF kuwa, kason da ake cire masa ya fi yawa.

To ka ga jinkirin mutum ɗaya ya taɓa mutum biyu. Ɗan kwangila zai sha tara. Mai walda, wanda bai yi laifin komai ba, yana iya rasa takardar shaidar cewa ba a bin sa bashin haraji, alhali ita ake fara tambaya in mutum zai nemi aikin gwamnati.

Ra'ayina ga masu ƙananan kamfanoni shi ne, in kun makara, ku kai takardun haka nan, yau, ko da kuɗin ba su cika ba. Na san abin da ke hana mutane: tsoro. Sai a ce tunda wa'adi ya wuce, gara a yi shiru. Amma tara ba ta barci, kuma wanda ya kai kansa ofis yana da bakin rubuta takardar neman sassauci, ya bayyana dalili. Wanda aka kamo da bincike fa, me zai ce? Sannan kuɗin da ka cire daga guminsa mai walda ba jarinka ba ne. Amana ce. Juya su a sayen gero ko wake don a ci ribar bazara, cin amana ne, ko da niyyar ka mayar.

Sai dai ba zan ɗora wa 'yan kwangila laifin duka ba. Takardun da Faransanci suke, mafi yawan masu sana'a a Maijirgi da ƙauyukan Mayahi kuwa da Hausa suke lissafinsu, wasu da ajami. Mutum zai rufe shago ya hau mota zuwa Tasawa, wani lokaci a ce sai Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100. Ga shi tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Najeriya da ya biyo baya, jarin mutane da yawa a jihar nan ya karye, kuma buɗe iyakar a Maris na 2024 bai mayar da shi nan take ba. Ga kuma maganar da kowa ke yi a ɓoye: ita kanta gwamnati takan yi watanni ba ta biya ɗan kwangila ba. Wa ke cin ta tara?

Abin da nake nema kaɗan ne. A yafe tarar makara ta farko ga ƙaramin ɗan kasuwar da ya kawo kansa. Ma'aikatan haraji su riƙa ajiye tebur ranar kasuwa, su karɓi takardu, su yi bayani da Hausa. A riƙa tura wa mai aiki saƙo a wayarsa ranar da aka zuba kuɗin da aka cire masa, tunda kamfanonin tura kuɗi sun daɗe suna yin haka.

'Yan'uwa da ke waje, wannan ta shafe ku. Na Amurka sun san takardar 1099 da ranar 31 ga Janairu, ba sa wasa da ita. Amma in sun turo kuɗi gida an buɗe kamfanin gini da sunan ƙane, tambayarsu ɗaya ce: nawa aka samu? Ku ƙara ta biyu: an kai takardun watan jiya, an kuma ba magini da mai walda nasu?

Abokina ya ce zai sake komawa wajen ɗan kwangilar bayan sallar Juma'a, wannan karon da shaidu biyu.