Mu koya wa yaran Dakoro fasaha da asusunmu, kada mu jira furoje

 

Yau maganar yaranmu na lakwal za mu yi. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin rufe makaranta a ƙarshen shekara ya ga abin da muke gani. Yaron da mushe ya shekara bai ji muryarsa a aji ba, da an naɗa masa rawani an miƙa masa sandar tsoho an ce ya yi teyatur, sai ya tashi ya sa iyaye dariya har da hawaye. Yarinyar da ake cewa kanta ba ya ɗaukar lissafi, ita ce za ta jero waƙa baiti goma ba tuntuɓe. A yi tafi, a watse, a tafi bakansi. In an dawo a watan Oktoba, ba mai sake tambayar yaran nan abin da suka iya sai wata shekara.

Ra'ayinmu shi ne, Dakoro na bukatar ƙungiya mai zaman kanta, wadda ba ta neman riba, mai aiki guda: kai darasin zane, waƙa, tatsuniya, wasan kwaikwayo da sana'ar hannu cikin makarantunmu, kowane mako. Kuma muna cewa ta fara ƙarama, da kuɗinmu da gwanayenmu, ta girma daidai ƙarfinta. In muka zauna jiran furoje ya zo da mota da allon talla, za a yi shekara biyu ana hotuna, kuɗi su ƙare, abin ya mutu.

Wani zai ce wannan baƙon abu ne. To, a tambayi iyayenmu da suka yi samartaka zamanin Seyni Kountché. A lokacin kowace unguwa da samariyarta, kuma daga 1976, da aka fara a Damagaram, ana yin bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke karawa a waƙa, rawa da teyatur. Kafin a kai can, sai an yi gasa tun daga ƙauye har gunduma. Samariya tana da nata aibi, tunda gwamnati ce ke riƙe da akalarta, ita kuma take saƙa abin da za a faɗa. Shi ya sa da mulkin ya canza, aka shiga zamanin jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, ita ma ta yi sanyi. Amma ta nuna cewa ɗan ƙauye na iya hawa dandamali ya yi wa ƙasa magana da harshensa.

Mu kuma tuna cewa biyu daga cikin manyan masu fasahar Nijar daga aji suka fito. Yazi Dogo, wanda teyatur ɗinsa na Hausa ya shiga kowane gida ta rediyo da talabijin, malamin makaranta ne. Marigayi Malam Mamane Barka shi ma malami ne, mai kaɗa gurmi. A 2002 ya tafi yankin tafkin Cadi ya zauna gaban Boukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, wani abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya koya, ya zagaya duniya da shi. Da bai je ba, da biram ya bi tsohon nan kabari. Barka ya rasu a 2018. Yanzu mu tambayi kanmu: Boukar Tar nawa ke zaune a Kornaka, Birnin Lalle, Ajekoriya ko Sabon Mashi, ba wanda ya je koyo gabansu?

Game da yadda irin wannan ƙungiya ke girma, akwai misali biyu da ya kamata mu duba. Na farko daga nesa ne. A ƙasar Benezuwela, a 1975, wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi mai suna José Antonio Abreu ya tara matasa 11 a wurin ajiye motoci a birnin Karakas ya fara koya musu kiɗa. Abin da ake kira El Sistema ke nan. Ya bazu unguwa unguwa, musamman wuraren talakawa, kyauta, har ya kai ga dubban ɗaruruwan yara, ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Wani sirrinsa shi ne yaron da ya ɗan iya yana koya wa na bayansa, don haka malamai ba sa ƙarewa. Amma kuɗinsa daga gwamnati suke, gwamnatin kuma da man fetur take taƙama. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye, makaɗa da malamai da yawa suka yi hijira. Sai mu ɗauki dabarar babba ya koya wa ƙarami, mu bar dogaro da aljihu ɗaya.

Misali na biyu a ƙofar gidanmu yake. Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara ta a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE. Ba a zo wa matan da jari ba. An zo musu da tsari ne kawai: akwati, zubi kowane mako, bashi a tsakaninsu, lissafi a gaban kowa. Yau tsarin ya tsallaka ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta, kuma a ƙauyukanmu akwai asusun da ke tafiya shekara da shekaru bayan ma'aikatan furoje sun daina zuwa. Dalili a fili yake: kuɗin na matan ne, makullin na hannunsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ya faru bayan 26 ga Yuli 2023, lokacin da masu ba da tallafi da yawa suka dakatar da taimakonsu, da kuma rufe hukumar USAID ta Amurka a 2025, ya isa ya tabbatar mana da wannan magana.

Sai tambayar me za a koyar, kuma wa zai koyar. Nan ne Dakoro ta fi wurare da yawa arziki, tunda mahaɗar manomi da makiyayi ce. Muna da maƙera da dukawa. Muna da mata masu saƙar tabarma da faifai da kaba. Muna da matan Fulani masu zanen ƙwarya, da Wodaaɓe masu ɗinkin ado da zare mai launi wanda Turawa ke saye da tsada. Muna da maƙeran Buzaye masu aikin azurfa da fata. Muna da masu kalangu, gurmi, goge da sarewa, da tsofaffi mata masu tatsuniya da kacici-kacici. Hukumar UNESCO ta saka kiɗan imzad, gogen da matan Buzaye ke kaɗawa, cikin kayan gadon duniya a 2013, ta kuma saka wasan barkwancinmu na Nijar a 2014. Abin da duniya ta rubuta a littafinta, ɗanmu na aji huɗu bai taɓa jin an ambace shi a makaranta ba. Ga shi kuma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Harshe ba zai zauna daram a makaranta da doka kaɗai ba, sai yara sun yi tatsuniya da shi, sun tsara waƙa, sun rubuta wasa. Haka ma Fulatanci da Buzanci ga yaran da da su suka tashi.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu abin saurare ce.

Na farko za su ce: "Kai malam, yara na karatu cikin zana, ba tebur ba alli, mi ya kawo zancen ganga?" Gaskiya ne. Ba mu manta da gobarar da ta tashi a azuzuwan zana a Maradi a watan Nuwamba na 2021 ba, inda yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Gina aji na gaba da komai, kuma haƙƙi ne a kan gwamnati, za mu ci gaba da faɗa. Amma abin da muke magana a kai ba ya cin kuɗin bulo ko buhu ɗaya na siminti. Yumɓu, kaba, kara, gawayi da bakin tsohuwa yake ci. Kuma duk malamin ƙauye zai gaya muku cewa bayan ginin akwai wata matsalar: yaro ya zo aji ɗaya ana yi masa magana da harshen da bai sani ba, ya gundura, ya gudu kiwo ko talla. Yaron da ya san ranar Asabar za a ci gaba da wasan da shi ne sarki a ciki, da wuya ya yi fashi ranar Juma'a.

Na biyu za su ce kiɗa da rawa na ɓata tarbiyya, addini bai yarda ba. Mu ma iyaye ne, ba mu son a mayar da makaranta dandali. Amma fasaha ta fi kiɗa faɗi. Zayyanar da alarammomi ke yi a allon sauka zane ne, kuma gwaninta ce babba. Kyan rubutu fasaha ne. Waƙar wa'azi da ta bege, da tsarin baiti da amsa-amo, malamanmu ne suka riƙe su tun zamanin da. Don haka a sa limami ko malamin makarantar allo cikin kwamitin tun ranar farko. A yi komai da rana, cikin harabar makaranta, ƙofa a buɗe ga kowane uba da uwa. Gidan da bai yarda ɗiyarsa ta yi waƙa ba, sai ta yi saƙa ko zane, ba tilas. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya: yaran nan suna kallon abin da ya fi haka a wayoyin yayyensu, ba mai tacewa.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba: "Mu ba maroƙa ba ne, ɗana ba zai taɓa ganga ba." Wannan tunanin gado ne, kuma shi ne ke sa ƴaƴan makaɗa da maƙera kansu ke jin kunyar sana'ar iyayensu. Ranar da darakta ya tashi ya ba tsohon maƙeri kujera gaban ɗalibai, ya ce ga malaminku na yau, jikan maƙerin nan zai ɗaga kai a aji. Ranar da ɗan manomi da ɗan makiyayi suka yi wasa ɗaya a kan ɓarnar gona da burtali, kowa ya hau matsayin ɗan uwansa, sun koyi abin da zai yi musu amfani in sun girma sun haɗu gaban hakimi.

To yaya za a fara? Ga shawararmu, a gyara inda ya karkace. A nemi mutum 50: malamai masu aiki da masu ritaya, iyaye, ƴan kasuwa, matasa, da ƴan Dakoro mazauna waje. Kowa ya zuba dala ashirin a mako. Jaka 5 ke nan duk mako, kusan jaka 180 a makonni 36 na shekarar karatu. Wannan ya isa a sayi takarda, fensir mai launi da zare, a kuma ba gwanin da ya zo koyarwa ɗan abin goro, don ba daidai ba ne a ɗauke mutum daga maƙerarsa a sallame shi da na gode. A yi wa ƙungiyar takardu bisa doka, a nemi izinin hukumar ilimi ta gunduma, a zauna da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata. Shekarar farko makaranta biyu kawai, ɗaya a gari ɗaya a ƙauye, awa biyu ranar Asabar. A ƙarshen shekara yara su nuna abin da suka yi a gidan matasa, a gayyaci magajin gari da sarakuna, rediyo ta watsa, ma'aji ya tashi ya karanta lissafi dala dala a gaban jama'a.

Girma kuwa, ƙa'ida ɗaya muke roƙo a riƙe: kada a shiga sabuwar makaranta sai iyayen wurin sun nema da bakinsu, sun kawo nasu zubin da nasu gwanin. Ɗaliban kwaleji da suka ƙware su riƙa komawa firamare suna koya wa ƙannensu. A riƙa ɗaukar muryar tsofaffi a waya ana ajiyewa, da izininsu. In abin ya kafu, sai a nemi alaƙa da cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1989, ta taimaka da horo. In wata ƙungiyar waje ta kawo gudummawa bayan haka, marhabin, amma kada abin da za ta bayar ya zama shi ne numfashin ƙungiyar. Kuma a kiyayi ranar da za a fara maganar ofis, babur da kuɗin zama taro kafin maganar yara. A kiyayi ɗan siyasar da zai zo da riguna masu hotonsa.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne gwanayen nan tsufa suke yi. Kowace shekara muna zuwa gaisuwar wani da ya tafi da abin da ya sani. Yaran kuma ba sa jira, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka muna roƙon abu biyu. Wanda ya san wani gwani ko gwana a unguwarsa, ƙauyensu ko rugarsu, ya tambaye shi ko zai yarda ya koya wa yara, ya sanar da mu sana'arsa da garinsa. Wanda kuma ya ga zai iya dala ashirin a mako, ya ce yana ciki. In mun cika 50 kafin a koma makaranta, sai a sa ranar zama. Wanda bai yarda da mu ba shi ma ya faɗi dalilinsa cikin mutunci, za mu karanta.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a Dakoro da Nijar baki ɗaya. Mu kwana nan.