Keke mai inji: A sayi birki kafin a sayi fenti

A Amurka akwai masu sha'awar ɗaukar keken yawo mai faffaɗar taya, irin wanda kamfanin Schwinn ya yaɗa tun 1933, su ɗora masa ƙaramin inji har ya koma kamar baburan tsere na shekarun 1910. Sukan kifar da kan keken, su rataya dogon tanki a sandar sama, su sa sirdin fata da zagayayyiyar fitila. Duk wanda ya gani sai ya waiwaya.

Wannan aiki ba abin rainawa ba ne, domin daga nan manya suka taso. Injin farko da Harley da Davidson suka haɗa a birnin Milwaukee, a jikin keke suka ɗaura shi, kuma ko tudu ba ya iya hawa sai an taimaka masa da feda. A 1946 kuma Soichiro Honda ya fara sana'arsa a Hamamatsu ta Japan da ɗora wa kekuna ƙananan injinan da sojoji suka bari bayan yaƙi.

A yau abin ya fi sauƙi. Daga China ake kawo kayan a kwali guda: inji, tanki, kabureta, salansa, sarƙa da faranti mai haƙora na ƙafar baya. Yawancin injinan irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, kuma wanda ake tallatawa da sunan 80cc galibi 66cc ne. A yini ɗaya mai hannu zai iya haɗawa.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Ba a saka birki a kwalin, alhali da yawa daga kekunan yawon nan birkinsu ɗaya ne tak, na ƙafar baya, wanda ake kamawa ta hanyar mayar da feda baya. An yi shi ne don mai tafiya a hankali. Da inji kuwa keken zai iya haura kilomita 40 a awa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da ake buƙata kafin a tsaya takan ninka sau huɗu. Idan sarƙar feda ta zame, birkin ya tafi ke nan, injin kuma yana ci gaba da ja.

Akwai kuma girgizar inji da ke kwance noti a hankali, da farantin baya da ake matsewa a jikin wayoyin ƙafar keke har su riƙa tsinkewa. Saboda haka kuɗin farko ya kamata ya tafi ga birkin gaba mai ƙarfi, ƙafar baya mai kaurin wayoyi, da hular kwano. Fenti da sirdin fata su biyo baya.

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, duk abin hawa mai ƙarancin shan fetur ya zama abin dubawa, kuma masu gyaran keke da masu walda na da hannun da za su iya wannan haɗi. Amma duk wanda zai karɓi aikin, ya dace ya gindaya sharaɗi guda ga mai keke: ba za a tayar da injin ba sai an gwada birkin gaba da na baya. Rigakafi ya fi magani.