Sai Baƙo Ya Yaba Sannan Mu Tafa?

'Yan'uwa ɗalibai, bari mu fara da tambaya ɗaya. Mu nawa ne a cikin wannan jami'a muka san sunan Mamman Sani Abdullahi? In mun faɗi gaskiya, ba mu cika cikin cokali ba. Alhali kuwa a Turai har rububin faifansa ake yi.

Mamman Sani mutumin Jamhuriyar Nijar ne, ya taɓa koyarwa, daga baya ya yi aiki da UNESCO. A wajen wani taro ne ya sayi ogan mai aiki da lantarki, ƙirar Orla ta ƙasar Italiya, daga hannun wani wakilin Ruwanda. Da wannan na'ura ya riƙa sarrafa karin waƙoƙin gargajiya, har da na Buzaye da Fulanin Bororo. A shekarar 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa na farko a gidan rediyon ƙasar da ke Yamai, aka buga kwafi 'yan ƙalilan. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, amma ba a fitar da shi zuwa ko'ina ba. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci kaset ɗin a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, sannan duniya ta waiwayo, Mamman ya tafi wasa Turai.

Kada mu 'yan Nijeriya mu yi dariya, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. William Onyeabor na Inugu ya fitar da faya-fayen kiɗan na'ura daga 1977 zuwa 1985, da ɗakin ɗaukar murya nasa na kansa. Shi ma sai da kamfanin Luaka Bop na Amurka ya tattara waƙoƙinsa a 2013 muka tuna da shi. Ya rasu a 2017.

Wasu 'yan boko na cewa wai kiɗan na'ura ba namu ba ne, kwaikwayon Nasara ne. To, alƙalamin biro da suke rubuta Hausa da shi a Kano aka ƙera shi? Na'ura bawa ce, abin da aka sa ta shi take faɗi. In karin na makiyayi ne, kiɗan namu ne, ko da a Italiya aka ƙera akwatin. Gaskiyar maganar ita ce raini: mun taso muna ɗaukar kowane makaɗi maroƙi ne, a liƙa masa kuɗi ranar biki, a manta da shi washegari.

Ba mu zargin baƙon da ya adana abin da muka yar. Laifin namu ne. Zaren kaset ba dutse ba ne. Zafi da ƙura suna cinye shi, kuma wanda ya lalace ba ya dawowa.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta matsa wa hukumar jami'a ta buɗe taskar adana kiɗe-kiɗe. Gidajen rediyo su juye tsofaffin faya-fayensu cikin kwamfuta, su kuma biya masu su haƙƙinsu tun suna raye. Ku kuma matasan ma'aikata, gobe takardun nan a kan teburinku za su sauka. Kada ku jefa su cikin durowa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.