Ciwon Baya a Ƙasa Mai Tsarki

Alhazanmu na Gaya da Ajingi, waɗanda galibinsu manoma ne da suka saba haƙuri da ciwo, sukan ɗauki ciwon bayan da ya afka musu farat ɗaya a Makka tamkar gajiyar huɗa, alhali kuwa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ga ɗawafi, ga tattaki zuwa jifa cikin zafin da kan ƙarar da ruwan jiki har ya taɓa ƙoda.

Lalle wajibi ne malaman bita su sanar da maniyyata cewa idan ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, ko riƙewar fitsari, ko zazzaɓi, to, batun shafa man zafi bai taso ba, sai a garzaya asibitin Hukumar Alhazai ta Ƙasa ko na Saudiyya nan take. Shari'a ma ta yi rangwame, domin ɗawafi bisa keke ya halatta ga mai uzuri. Ƙwayar tramadol kuwa, shiga da ita Saudiyya ba da takardar likita ba kan kai mutum kurkuku.