"Take" Ba "Ɗauka" Kaɗai Ba Ce

Tambayi kowane ɗalibi ɗan aji ɗaya ma'anar kalmar Turancin nan "take", kafin ka rufe baki zai ce maka "ɗauka". Haka aka koya masa a firamare, haka kuma ya rubuta a bayan littafinsa, kalma a hagu, fassara a dama. Amsar ba ƙarya ba ce, amma gaskiyar da ke cikinta ba ta kai rabi ba. A ganinmu, wannan ɗabi'a ta haddace kalma ɗaya da fassara ɗaya tana cikin abubuwan da ke kayar da 'yan'uwanmu a jarrabawar Turanci, kuma babu kalmar da ke tona asirinta kamar "take".

Bari mu fara daga ɗakin shan magani. An rubuta a jikin takarda, "take two tablets after meals". Wanda ya riƙe "ɗauka" ya zauna a kanta, sai ya ɗauki ƙwaya biyu ya jefa aljihu, alhali cewa aka yi ya sha. Mu muna shan ƙwaya kamar yadda muke shan ruwa, amma a wurin Bature "drink" na abu mai ruwa ne, shi ya sa malami yake jan layi da jan biro a ƙarƙashin "I drank two tablets". Haka nan idan shugaban makaranta ya ce wa baƙo "take a seat", ba ya nufin baƙon ya saɓa kujera ya fita da ita. Zama aka ba shi. "Take a bath" wanka ne, "take a bus" shiga mota ne, "take place" kuwa faruwa ce, babu wani wuri da aka ɗauka. "Take an examination" zaman jarrabawa ne kawai, ci ko faɗuwa wata magana ce daban. Sai can a wuri kamar "take a photograph" ne harsunan biyu suke haɗuwa, mu ma mu ce ɗaukar hoto.

Akwai wani wurin da Hausa ta riga ta share mana hanya, mu ne ba mu lura ba. Ɗalibai da yawa suna rikita "take" da "bring". Amma wane Bahaushe ne yake rikita kai da kawo? In abin zai bar wurin da kake ya tafi can, kai ne, wato "take". In zai zo nan, kawo ne, wato "bring". Saboda haka "take this letter to the principal" ma'anarsa kai wa shugaban makaranta wannan wasiƙa. Da za a faɗa wa yaro haka sau ɗaya da harshen da yake mafarki da shi, da an huta da gyaran shekara uku.

Kada mu ce Turanci ne kaɗai yake da wannan hali na ɗora wa kalma ɗaya kayan jaki goma. Mu dubi namu "ci". Muna cin tuwo, muna cin kasuwa, muna cin bashi, muna cin sarauta, muna cin jarrabawa. Mugu kuma yana cin amana, yana cin mutunci. Ga "sha" kuma: shan iska, shan wahala, shan alwashi. Ɗan mishan ɗin nan G. P. Bargery, wanda ƙamus ɗinsa na Hausa da Turanci ya fito a 1934, dole ya bi irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, domin da ya rubuta "eat" a gaban "ci" ya wuce, da duk Baturen da ya dogara da shi ya zama abin dariya a kasuwa. Ba mu taɓa haddace "ci" ita kaɗai ba. Tare da abokan tafiyarta muka ji ta tun muna goye, kuma haka ɗan Ingila ya ji "take".

Abin ban sha'awa, ita kanta "take" baƙuwa ce a Turanci. Daga harshen mutanen arewacin Turai aka aro ta, waɗanda suka fara kai hari Ingila da jiragen ruwa a ƙarshen ƙarni na 8, daga baya suka zauna a can. Su "taka" suke cewa. Kalmar gida ita ce "niman", 'yar'uwar "nehmen" ta Jamusanci, amma a hankali baƙuwar ta ture 'yar gida. Yau bayanin "take" yana cikin mafi tsawo a babban ƙamus na Oxford.

Inda ƙafar ɗalibi ta fi zamewa shi ne wurin 'yan ƙananan kalmomin da ke bin bayanta. Jirgin sama in ya tashi, "take off" ne. Mai shiga ɗaki in ya cire takalmi, shi ma "take off" ne. Yarinyar da ta yi kama da uwarta, "she takes after her mother". Sojoji in sun karɓe mulki, "take over". Wanda ya san "take" ya kuma san "after" ba zai taɓa haɗa su ya gano maganar kamanni ba, sai an faɗa masa. Irin waɗannan ne kuwa masu shirya tambayoyin WAEC da NECO suke so, kuma kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci.

To, yaya za mu yi da Turancinmu na gida? A Nijeriya idan aka ce mace "has taken in", ana nufin ta ɗauki ciki. A Ingila kuwa "take in" na iya zama ba baƙo masauki, ko fahimtar magana, ko rage faɗin riga, ko yaudara. Muna cewa "they have taken the light", wanda shi ne "an ɗauke wuta" sanye da kwat. Muna cewa "take permission", su kuma "ask for permission" suke cewa. Wasu malamai suna kiran wannan duka ɓataccen Turanci. Mu ba mu yarda ba. Maganar da miliyoyin mutane suke fahimtar juna da ita ba ta ɓace ba, kuma a watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ɗin da kansa ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, har da "okada" da "Kannywood". Amma ba mu kuma yarda da masu cewa tunda haka ne kowa ya rubuta abin da ya ga dama ba. Mai duba takardar jarrabawa yana da ma'auninsa, kuma ba zai canza shi domin mu ba. Ɗalibi ya san duka biyun, ya san wadda zai sa a wasiƙar neman aiki da wadda zai yi hira da ita a ɗakin kwana, kamar yadda ba ya zuwa sujada da kayan ƙwallo.

Roƙonmu ga malamanmu shi ne a daina karɓar jerin kalmomi tsirara a littafin aiki. Wanda zai rubuta "take" ya rubuta ta da abin da ya same ta tare da shi, cikin cikakkiyar jimla, ya sa ma'anar jimlar da Hausa ko da harshen gidansu. A bar malamin Turanci ya ara misali daga "ci" da "sha" ba tare da an ce ya karya doka ba. Minti biyu na Hausa a cikin darasi bai taɓa lalata Turancin kowa ba. Iyayenmu da 'yan ikilisiya masu taimakon makaranta kuma, in za a saya wa ɗalibi ƙamus, a nemi irin wanda ke kawo misalai cikin jimla, kamar na A. S. Hornby da Oxford ta fara bugawa a 1948, ba ɗan ƙaramin nan na aljihu mai kalma da fassara ba. Ya fi tsada, amma ɗalibai huɗu ko biyar na ɗaki ɗaya suna iya amfani da guda.