Waiwaye: Yadda Muka Toshe Bakin Sifirin

Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne a kan kwalta, ba abin da zai tayar wa direba hankali. Aikin yana farawa ne in ya saki babbar hanya ya nufi ƙauyukan ƙasar Zermu: rairayi da rani, laka da zaizayar ruwa da damina, ga kuma kwarin da tayoyin manyan motoci suka haƙa suka bar tudu a tsakiya. Duk mai kat-kat, wato mota mai ja huɗu, da ke bin waɗannan hanyoyi ya san ƙarar da cikin mota ke yi in ya gogi ƙasa. Maganin da aka fi rugawa gare shi yanzu shi ne a ɗaga motar. Mai mota ya shiga gareji ya ce wa bakanike, "Maigida, a ƙara mata sifirin biyu-biyu a baya." Kafin la'asar ta fito tana taƙama, bayanta a sama. Ba a jimawa sai ta dawo tana kaɗawa, a shiga neman mai laifi.

Motoci sun daɗe suna gwada ƙarfi da yashin ƙasar nan. A ƙarshen 1924, lokacin Damagaram ce mazaunin gwamnan Faransa a Nijar, ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, wanda ya taso daga Kolom-Beshar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, ya ratsa birnin ya nufi Tafkin Chadi. Motocin ba wasu dogaye ba ne. Abin da suke taƙama da shi shi ne bel mai faɗi a madadin tayoyin baya, wanda ke baza nauyinsu a kan yashi. Daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 kuma kamfanin Berliet ya ƙetare Tenere da manyan motoci masu taya shida waɗanda duk suke ja. Duka biyun amsa ɗaya suka bayar: yashi ba ya tambayar tsayinka, nauyin da kowace taya ta ɗora masa yake dubawa.

Direbobinmu na zamanin Peugeot 404 akori-kura da Land Rover sun san wannan karatun ba tare da sun shiga aji ba. Ita 404 tayoyin baya kaɗai ke ja, amma ta ci kasuwannin ƙauye shekara da shekaru. In an zo rairayi a rage wa taya iska ta baje, a ɗauko shebur in ta kafe, a tura. Kafin a tashi daga tasha kuwa direba yakan zagaya baya ya duƙa ya dubi sifirin. In ya ga bakan nan ya miƙe, sai ya ce wa yaron mota ya sauke buhu biyu, ko mai kaya zai yi fushi ya yi. Sifirin a wurinsu kamar raƙumin ayari yake: in kaya ya fi ƙarfinsa yakan yi kuka ya ƙi tashi, madugu mai hankali kuma ya saurara.

Abin ya sauya da zuwan Toyota Land Cruiser samfurin 70 a 1984, musamman bayan 1990 da aka sa mata injin gas mai suna 1HZ, lita 4.2, silinda shida. Wannan inji ba ya gajiya da wuri, yana iya jan abin da ya fi ƙarfin ƙafafun motar. Fatauci ta Agadas da Dirku zuwa Libiya ya buɗe wa motar kasuwa, sannan gano zinariya a Jado a 2014 ya ƙara wa wutar fetur. Samari daga Damagaram da Tanut da ko'ina suka kwarara arewa, kowace mota da durom na ruwa da na mai, da abinci, da mutane a kan kaya ƙafafu na lilo. Motar da kamfani ya ƙayyade wa kamar tan ɗaya sai ta koma ɗaukar abin da ya zarce haka nesa. Sifirin ya miƙe, kamar yadda ya saba faɗar gaskiya. Maimakon a sauke buhu, sai aka ƙara masa ƙarfe. Daga hamada wannan ɗabi'a ta gangaro har ta iso motocin da ke cin kasuwannin Mirya da Gidimuni da Zermu.

To mene ne ke faruwa a ƙarƙashin mota in an ɗaga ta? Inji da giya da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya duk a jikin shasi suke, suna tashi tare da shi. Aksul kuwa yana nan ƙasa tare da tayoyi. Abin da ke haɗa su shi ne farfela, wadda ke da gaɓar kardan a kowane bakinta. Gaɓar nan tana da wani hali da ba kowa ya sani ba: in ta karkata, ko da ɓangaren giya yana juyawa da sauri ɗaya, ita farfelar tana ƙara sauri ta rage sau biyu a kowane zagaye. A karkata ta digiri 10 bambancin bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ba. A digiri 20 ya kai kashi 6. Gaɓa ta biyu ce ke goge wannan hawa da sauka, amma da sharaɗi biyu: karkatar gaɓoɓin ta zama daidai da juna, kuma bakunan farfelar su kasance a layi ɗaya. Masu ƙera waɗannan gaɓoɓi suna son karkatar ta tsaya wajen digiri 3, bambancin da ke tsakanin ta gaba da ta baya kuma kada ya wuce digiri 1.

Lissafin ba shi da wuya. Farfela mai tsawon mita ɗaya, in an ɗaga shasi santimita 5, an ƙara mata kusan digiri 3. In an ɗaga 10, an ƙara kusan 6. Farfelar gaba da ta fi gajarta ta fi shan wahala. Idan kuma an tsawaita ƙarafan da sifirin ke rataye a jikinsu ta baya, aksul yana ɗan juyawa, hancinsa ya sauya inda yake kallo, daidaiton gaɓoɓin biyu ya lalace. Daga nan direba zai fara jin rawa a ƙarƙashin kujera in ya kai wani gudu, ko ƙara in ya saki totur ya sake takawa. Sai a ce taya ce, a canja taya. A ce kardan ɗin jabu ne, a sayo wani daga Kano. Sabon ma ya ci kansa, domin cutar ba a jikinsa take ba. Ga kuma wurin da farfela ke zamewa ta tsawaita ta gajarta: ɗagawar ta riga ta ja shi waje, haƙoran da suka rage a ciki kaɗan ne, ranar da taya ta faɗa rami da lodi suna iya sullewa. Farfelar da ta faɗi mota na gudu ba ƙaramin haɗari ba ce.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Yawancin waɗannan akori-kura suna da wata 'yar na'ura a baya mai auna lodi ta hanyar tazarar da ke tsakanin shasi da aksul, ita ke ƙayyade ƙarfin birkin baya. In an ɗaga mota ba a gyara sandarta ba, na'urar tana ɗauka motar ba ta da nauyi, ta rage wa birkin baya ƙarfi alhali kaya ya yi tsiri. Tiyon man birki yana miƙewa har ya ɗaure. A gaba kuma sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, mota ta riƙa yawo a kan kwalta. Hilux ta zamanin nan, wadda kowace tayar gabanta ke da nata kardan cikin rigar roba, in an ɗaga ta da yawa robar ce ke fara tsagewa, giris ya fita, yashi ya shiga, shi ke nan. A kan duk wannan, nauyi ya koma sama, kuma motar da nauyinta ke sama ita ce ke saurin kifewa a kwana ko a gefen tudun yashi.

Abin takaicin shi ne, abin da aka biya kuɗi domin sa ba a same shi duka ba. Wurin da ya fi kusa da ƙasa a jikin kat-kat shi ne curin difaransiyal da ke tsakiyar aksul, shi ke karo da tudun tsakiyar hanya. Ko sifirin goma aka ƙara, wannan curi bai tashi ko da yatsa ɗaya ba. Taya mai girma kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da aka ƙara wa tsayinta, kuma tana da nata kuɗin: tana ƙara wa sandunan aksul da kuloci aiki, tana rage wa mota ƙarfin tashi.

Ba cewa nake yi ɗaga mota haramun ne ba. Wanda ke ƙetare korama da damina yana da hujja, kuma santimita 4 ko 5 abu ne da yawancin waɗannan motoci ke ɗauka in an yi aikin gaba ɗayansa. Bakaniken kirki zai auna karkatar gaɓoɓin kafin aiki da bayansa, motar tana ɗauke da lodin da ta saba ɗauka. Ko wayar hannu tana iya wannan awo yanzu. In sun saɓa, ya sa siririn ƙarfe mai gangare tsakanin sifirin da aksul ya maido da hancin wurinsa. Ya sauya tiyon birki da mai tsawo, ya daidaita sandar na'urar lodi, ya sa abin tare girgiza da ya dace da sabon tsayin. In zai raba farfela biyu, ya yi mata alama da fenti tukuna, domin haƙori ɗaya in ya goce ya isa ya kawo rawa. Shi kuma direba ya riƙa ɗura wa gaɓoɓin giris bayan kowace shiga ruwa, kuma da ya hau kwalta ya cire ja huɗu, domin waɗannan motoci ba su da abin da ke sasanta gudun tayoyin gaba da na baya a kan busasshiyar hanya, farfela ce ke shan murɗar.

Duk wannan gyara ne na karkata, ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da aksul da birki da taya za su iya ɗauka. Wannan adadi yana nan a rubuce a jikin ɗan farantin da kamfani ya manna wa motar, kuma ba a taɓa ganin bakaniken da ya sauya shi da walda ba. Tsofaffin direbobi suna da mai gaya musu gaskiya tun a tasha, inda sauke buhu biyu ba ya cin komai sai ɓacin ran mai kaya. Mu mun toshe masa baki, shi ya sa labarin ke iso mana a makare, ta bakin farfela ko birki, a dajin da ba gareji ba inuwa, da fasinja a baya. Mai motar da ya ƙara sifirin ya ɗauki wa kansa aikin da sifirin ke yi a da, wato ƙirga buhu da durom da mutum kafin a tayar da inji. In ba zai iya wannan ƙirgar ba, gara ya cire ƙarin ya bar motar ta riƙa faɗa masa da kanta.