Ina matanmu za su kai kukansu?

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan shari'a da hantsi, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, ya riga ya ga abin da nake so mu tattauna yau. Mata ne zaune a inuwar dogon yaro, wata da goyo, wata da takarda ƙulle a bakin zane, tana kwance ta tana nuna wa duk mai wando da riga da ya gifta, ko Allah zai sa ya karanta mata. Da yawansu tun asuba suka baro ƙauye. In ka tsaya ka tambaye su abin da ya kawo su, ba za ka ji fiye da magana uku ko huɗu ba: miji ya yi saki ya hana abincin yara, ko an karɓe ƴaƴa, ko an raba gado an manta da ita, ko kuwa an yi mata duka. In ka ƙara tambaya ko akwai mai tsaya mata a gaban alƙali, sai ta dube ka da mamaki, don a saninta lauya na mai kuɗi ne.

To, ba haka dokar ƙasarmu ta ce ba. Tun ranar 14 ga watan Disamba na 2011 aka kafa doka mai lamba 2011-42, wadda ta tsara taimakon shari'a, ta kuma haifar da hukumar da ake kira ANAJJ a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Hukumar tana da ofisoshi a cikin manyan kotuna, irin na Yamai da Doso da Ƙwanni da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas. Taimakon nan iri biyu ne, kuma ya kamata kowa ya rarrabe su. Na farko shi ne bayani da shawara: a saurari mutum, a gaya masa abin da doka ta ce game da damuwarsa, a nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, a taya shi rubuta takardar ƙara. Wannan kyauta ne ga kowa, mace da namiji, mai hali da maras hali. Na biyu shi ne a ba mutum wanda zai kare shi a gaban alƙali, gomnati ta ɗauki nauyin kuɗin. Wannan an tanade shi ga wanda ya nuna shaidar rashin hali, amma dokar ta ware waɗansu mutane ta ce su ba sai an bincika aljihunsu ba. A cikinsu akwai yara ƙanana, akwai matan da aka ci wa zarafi, akwai kuma macen da ke neman kuɗin ciyarwa, ko rabon gado, ko riƙon ƴaƴanta.

A sake karanta layin nan na ƙarshe. Ciyarwa, gado, riƙon ƴaƴa, cin zarafi: su ne daidai kukan matan da ke zaune a gindin dogon yaro. Ashe fiye da shekara goma ke nan da aka rubuta musu haƙƙi, ofishin da zai ba su shi yana bayan bangon da suka jingina da shi, su kuwa ba su da labari. Ni wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Rashin doka wani ciwo ne, amma dokar da aka yi domin talaka, talakan bai taɓa jin sunanta ba, ta yi kama da rijiyar da aka gina aka rufe bakinta da faifai.

Me ya kawo haka? Na farko dai harshe. Dokar da faransanci aka rubuta ta, allon ƙofar ofis da faransanci, takardar sammaci da faransanci, hukunci da faransanci. Babban binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a 2012 ya nuna cewa a cikin mata ɗari na ƙasar nan, kamar 14 ne kaɗai ke iya karatu. An samu ci gaba tun daga lokacin, ba mu musu, amma uwar ƴaƴa biyar da ke Dakoro ko Matamai ba ta koma lakkwal ba. Na biyu nisa. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100, haka daga Tanut zuwa Damagaram. Shawara kyauta ce, amma mota ba kyauta ba ce, kuma shari'a ba ta ƙarewa a zuwa ɗaya: yau a ce wanda ake ƙara bai zo ba, gobe a ce a kawo shaidu, jibi a ce alƙali ya yi tafiya. Kowane zuwa kuɗin mota ne, da na abinci, da wunin da ba a yi ƙuli-ƙuli ko furar saidawa ba. Na san wata gwaggo a danginmu da ta saida akuyarta biyu tana bin gadon gonar mahaifinta, a zuwa na huɗu ta ce ta bar wa Allah. Ba alƙali ne ya kayar da ita ba, hanya ce.

Sai maganar lauyoyin kansu. Kowa ya san kusan dukansu a Yamai suke da zama, inda manyan kamfanoni da manyan shari'o'i suke. Saboda haka a cikin jihohi sau da yawa ba lauya ake ba mutum ba, sai wani mai ilimi da aka zaɓa aka horar, aka ɗora masa aikin kare wanda ba shi da mai kare shi. Mutanen nan suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma ladan aikin kaɗan ne, kuma wanda aka miƙa wa takardun shari'a ana gobe za a zauna ba zai yi abin da lauyan attajiri ya yi wata guda yana shiryawa ba. In gomnati na son dokar 2011 ta zama gaskiya, to sai ta sa wa hukumar kuɗi isassu a kasafin kowace shekara, a kuma biya masu karewa a kan lokaci.

Amma kada mu ɗauka duk shari'ar mata a kotu take. Mafi yawanta ba ta ma isa can. A ƙasar nan, tun dokar tsarin kotuna ta 1962 har zuwa ta 2018 da ake aiki da ita, maganar aure da saki da gado da gona ana yanke ta ne bisa al'adar masu shari'ar, alƙali yana zaune da mataimaka masana al'ada. An yi yunƙurin kafa kundin dokar iyali fiye da sau ɗaya, na ƙarshe a 2011, bai yiwu ba. Don haka mace tana fara kai kukanta wurin mai gari, ko fadar sarki, ko wurin malamai na Ƙungiyar Addinin Musulunci. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba sarki ikon sasantawa, ba ikon yanke hukunci ba, ta kuma ce ya rubuta takardar abin da aka yi, an sasanta ko ba a sasanta ba. A nan ne nake so mata su buɗe kunne da kyau. Takardar sulhun da ɓangarori biyu suka sa wa hannu, ana iya kai ta kotu a buga mata hatimi ta zama abin zartarwa. In sulhun ya yi miki daidai, wannan takarda garkuwarki ce ranar da tsohon miji ya ce bai san zancen ba. In kuwa an matsa miki ne, kada ki dangwala yatsa sai an karanta miki ita da Hausa, kalma bayan kalma, a gaban wani naki. Kina da ikon ki ce ba ki yarda ba, a rubuta cewa ba a sasanta ba, ki wuce gaba. Ƙin yarda da sulhu ba raina sarki ba ne.

Na san abin da waɗansu za su ce, don na sha jin sa a majalisa bayan la'asar: wai koya wa mata hanyar kotu kashe aure ne, wai aikin Nasara ne. Ina roƙon masu wannan magana su dubi abin da matan ke nema. Matar da mijinta ya rasu ya bar ƴaƴa, tumunin dukiya take nema, in babu ƴaƴa rubu'i. Ɗiya tana neman rabin rabon ɗan uwanta namiji. Wane Nasara ne ya kawo wannan lissafi? A allo muka karanta shi. Ciyar da yara bayan saki wajibin uba ne a addini kafin ya zama wajibi a doka. Kai har riƙon ƴaƴa, inda al'adar wurare da yawa ke cewa yaro ya koma gidan uba da ya kai shekara bakwai, littattafan Malikiyya da malamanmu ke karantarwa sun bar wa uwa riƙo fiye da haka nesa. Sau da yawa abin da ake kira al'ada ba kome ba ne illa son zuciyar ƙanen miji ko yayan mamaci. A kudancin jihar Maraɗi, inda jama'a ta yi yawa gonaki suka tsuke, mun ga yadda ake fara janye wa mace gamanarta, daga baya a ce ai mace ba ta gadon ƙasa, a ba ta ɗan kuɗi ko damin hatsi a ce ta samu rabonta. Auren da bayanin doka zai kashe, dama can a kan zalunci yake tsaye.

Wanda ke shakkar amfanin mai tsaya wa mace, ya tuna da Hadijatu Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a yankin Ƙwanni a kan jika 240, ta zama wahaya, wato matar nan ta biyar da ba sadaki ba ƴanci. A 2005 aka ba ta takardar ƴantawa, amma wanda ya saye ta ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa wata shida a gidan kaso a kan ta yi aure a kan aure, alhali tun 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta babban laifi. Da ita kaɗai ce, da nan labarin ya ƙare. Amma ƙungiyar Timidria da lauyoyi suka tsaya mata har gaban kotun CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a wancan lokaci kafin ficewarta a 2025. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta miliyon 10 na sefa. Yarinyar da ba ta shiga lakkwal ba ta yi shari'a da gomnati ta ci. Gaskiyarta ba ta ƙaru ba tsakanin Ƙwanni da ranar hukuncin. Abin da ya ƙaru shi ne masu iya faɗin ta da harshen da kotu ke ji.

Ƙungiyoyi irin wannan suna da ladansu. Ƙungiyar mata masana doka, AFJN, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, ANDDH, sun daɗe suna sauraron mata kyauta, sun horar da mutanen gari su zama masu bayanin doka a unguwanni da ƙauyuka. Sai dai aikinsu yakan rataya a wuyan masu ba da tallafi daga waje: shekara uku ana aiki, kuɗi su ƙare, a kulle ofis, matar da aka fara wa shari'a ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ƙasa ba ta barin haƙƙin ƴaƴanta a hannun baƙo. Kuma inda babu mai bayani na gaskiya, dillalan shari'a ne ke cika wurin, mutanen nan da ke shawagi a ƙofar kotu suna cewa sun san alƙali, a kawo jika biyar su gyara magana. Ƴar uwa, wanda duk ya tare ki a waje ya nemi kuɗi da sunan alƙali, ki wuce shi ki shiga ciki, ki tambayi ofishin taimakon shari'a da bakinki. In an karɓi kuɗi a hannunki a kan wata takarda, ki nemi rasit.

Akwai aikin da ke kanmu mu maza, iyaye da yayye. Shari'a da takarda take tafiya. Auren da aka ɗaura a zaure ba a kai shi gidan magajin gari an rubuta ba, yaron da ba a yi wa takardar aihuwa ba, sakin da aka yi da baki cikin fushi ba shaida ba rubutu, mutuwar da ba a bayyana ba, duk waɗannan ranar shari'a suke tashi su kama mace, don ita za a ce ta kawo hujja. Uban da ya kashe dukiya a kan gara da kayan ɗaki, bai ɓata wuni ɗaya ya karɓo wa ɗiyarsa takardar aure ba, ya bar ta da rabin sutura. Haka matar da aka yi wa rauni: a kai ta likita a ranar, a karɓi takardar likita tun ciwon bai warke ba, kafin a je wurin jandarma ko ƴan sanda. Bayan sati biyu, kumburi ya saɓe, magana ta zama tata da tasa.

Ga ma'aikatar shari'a kuwa, roƙona ba mai tsada ba ne. A fassara jerin waɗanda dokar 2011 ta ba taimako zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a rubuta shi da boko da ajami a ƙofar kowace kotu da kowace fada. A sa ma'aikacin hukumar ya riƙa fita ranar kasuwa, Tasawa ko Magarya ko Madawa, ya kafa teburinsa inda mata suke zuwa dama, maimakon a jira su nemo kuɗin mota. A samu mace a kowane ofishi, domin akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa wa namiji baƙo ba ko za a kashe ta. Gidajen rediyon karkara kuma su ba da fili sau ɗaya a sati, alƙali ko masanin doka ya zauna tare da malami suna amsa tambayoyi. A sa shirin bayan sallar lisha, lokacin da aka sauke tukunya yara suka kwanta, ba da hantsi ba da matan ke bakin rijiya.